Karayar Arziƙin Manyan Ƙasashe da Rumbun Nijar

Lokacin da bankin Lehman Brothers ya durƙushe a Amurka cikin Satumban 2008, an ji masu cewa wannan rigimar attajirai ce, ba ruwan talakan Nijar da ita, tunda ba shi da hannun jari ko ajiya a banki. Wannan magana yaudara ce, kuma tarihin ƙasar nan ya ƙaryata ta.

A ƙarshen shekarun 1970, uraniyom na Arlit ne ginshiƙin kuɗin shigar gwamnati, har aka ƙawata Yamai da manyan gine-gine. Amma bayan haɗarin tashar nukiliya ta Three Mile Island a 1979, da koma-bayan da masana'antun Turai da Amurka suka shiga, buƙatar ƙarfen ta ragu, farashinsa ya karye, bashi kuwa yana nan daram. A 1983 Nijar ta miƙa wuya ga sharuɗɗan Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Malaman makarantar da suka yi watanni ba albashi a shekarun 1990 sun san inda wannan hanya ta ɓulle.

Masifar kan biyo ta kudu ma. Da bunƙasar Sin ta lafa, ga kuma mai ya cika kasuwa, gangar ɗanyen mai ta faɗo daga sama da dala 100 a tsakiyar 2014 zuwa ƙasa da dala 30 a farkon 2016. Tattalin arziƙin Najeriya ya tsuke, naira ta zube. Mahaucin Kano ya kasa sayen sa da kuɗin sefa, makiyayin Tawa da dillalin Maraɗi suka kwana da dabbobinsu. Ba wanda ya taɓa taka Shanghai a cikinsu, amma asarar ta iske su har garke.

Sai dai ɗora laifi kan baƙi kaɗai lalaci ne. Ƙasar da ke sayar da ƙarfe ɗanye, da dabba a tsaye, da albasa ba sarrafawa, ta damƙa ragamarta ga mai saye. Manomi ya san amfanin rumbun tsimi. Hukumomin da suka cinye ribar shekarun wadata ne suka mance da shi.

Wajibi ne malamai da ƙungiyoyin al'adu su koyar da wannan tarihi da harshen jama'a, domin talaka ya iya tambayar mahukunta tun farashi bai sake faɗuwa ba: me aka ajiye?