Shin Mahajjacinku Ba Shi Da Ƙafa Ne?

Maudu'in wannan mako ƙorafi ne, kuma ba za mu rufe shi da zane ba. Labaran hajjin ƙafa sun yawaita a zauren nan, amma kusan duk tafiyarsu ɗaya: malam ya yi sallama da iyali a Kano, a sakin layi na gaba sai ga shi yana hawaye gaban Ka'aba. Shekarun da ke tsakani fa? Kun haɗiye su da "bayan doguwar wahala". Mu a wurinmu wannan lalaci ne, kuma tauye haƙƙin kakanninmu ne da suka taka hanyar.

Hanyar nan tana da sunaye. Daga Kano a nufi Barno, a ƙetare zuwa Fort Lamy, wato Njamena ta yau, sai Abeche, Janaina, Fashir, Ubayyid, Omdurman, a sauka Sawakin a jira jirgin ruwa zuwa Jidda. Da yawa ba su isa ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, ya ci gaba da jama'arsa har bakin Kogin Nilu, garin da suka kafa a Sudan yana amsa sunansa har yau. Daga 1925 gonakin audugar Jazira suka riƙe dubban Hausawa masu neman kuɗin ƙarasa tafiya. Wani ya yi aure a can, ya haifi 'ya'ya, ya tsufa yana cewa baɗi.

Yanzu ga abin da mai tafiya ya sani, wanda alƙalaminku bai sani ba. Ba a tashi da damina, domin ƙasar firgi ta wajen Tafkin Chadi takan zama taɓo mai riƙe ƙafa. Sai an yi girbi. Ana kama hanya da asuba, a nemi inuwa idan hantsi ya dubi ludayi, a sake tashi da la'asar. Kilomita 25 zuwa 30 a yini ya ishi lafiyayyen mutum, mai mata da yara ba zai yi haka ba. Ba a fita da sabon takalmi, kafin zango na biyu ƙafa ta yi bororo. Faso kuwa man kaɗanya ake cusa masa da dare. Guzuri sai wanda ba ya lalacewa: gumba, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino. Ruwa shi ke yanke inda za a kwana, ba gajiya ba. A Kurdufan har cikin kogon kuka ake tara ruwan damina a sayar wa matafiya. Kuma ba a tafiya kai kaɗai. Akwai madugu, akwai sallar ƙasaru, akwai gardama kan wanda ya sha fiye da rabonsa a salka. A wannan gardamar labarinku yake, ku kuwa kuna can kuna siffanta faɗuwar rana.

Wani zai ce ai ƙagaggen labari ne, ba tarihi ba. To, ƙagaggen mutum ma ƙafa biyu gare shi. Ba ma sai kun je Sudan ba. Ku tsaya a Bompai da sassafe ku ga ma'aikatan kamfanoni da ke sauko wa a ƙasa saboda tsadar kuɗin Adaidaita, ku dubi yadda dunduniyar silifas ɗin roba ke cinyewa ta gefe guda. Wanda ya isa, ya taka daga nan zuwa Wudil, kimanin kilomita 40, sannan ya zo ya rubuta mana yini ɗaya tak na mahajjacinsa.

Sai masu rubutun zuga matasa su ɗauki jaka su nufi Makka a ƙasa don a yaba musu a Facebook. Ku ji tsoron Allah. Tun Afrilun 2023 Sudan ke cikin yaƙi, Janaina da Fashir da muka lissafa a sama suna cikin garuruwan da aka fi zubar da jini. Hajji a kan mai iko yake, kuma amincin hanya yana cikin ikon. Duk rubutun da ya ɓoye wa mai karatu wannan, za mu sauke shi daga zauren.