Wasiƙar Birnin Zazzau: Awon Zaman Mai Shanyewar Jiki

Zuwa ga Edita,

Yau ma ina roƙon ɗan filin da ka saba ba ni, don in yi wa jama'a magana a kan abin da kowa ya raina, watau zama.

Kwanan baya wana ya faɗi a zaure, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da muka kai shi asibiti, likitan motsa gaɓoɓi bai fara da tafiya ba, sai ya zaunar da shi bakin gado. Ya ce wanda bai iya zama ba, ina zancen tsayuwa?

Awon da ya yi masa, a Amurka aka fito da shi cikin 2010. Gwaji 14 ne, kowanne maki 0 zuwa 4, jimla 56. Akan ɗan tura majinyaci gaba da baya da gefe, a sa ya rufe ido daƙiƙa 30, ya ɗauko abu daga ƙasa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Takardar da Turanci ta ke, likitan kuwa Hausarsa ba ta nuna ba. Tafinta ya ce wa wana, “Miƙa hannu.” Dattijo ya miƙa kamar mai musafaha, bai ranƙwafa ba, aka ba shi maki kaɗan. Mako na zagayowa wani tafinta ya ce, “Kai hannu ka taɓo wancan.” Maki ya hau, muka yi ta murna, alhali kalma ce ta sake, ba jiki ba. Da an dogara ga wannan an bar shi shi kaɗai bisa gado, ai da ya faɗo.

Saboda haka fassara kaɗai ba ta isa ba, sai an jarraba ta. Ka'idar masana ita ce mutum biyu su fassara dabam dabam, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a gwama. Sa'an nan likitoci biyu su auna majinyaci guda, a kuma sake auna shi, a ga ko maki ya yi daidai. An yi irin wannan da majinyata a Kano ga wani ma'aunin shanyewar jiki, aka buga sakamakon cikin 2014.

Ina roƙon likitocin Asibitin Koyarwa na Shika da malaman Hausa na Jami'ar Ahmadu Bello su haɗa kai a kan na zama. Su kuma tuna mutanen birni bisa tabarma su ke zama, kuma abin da wana ke tambaya kullum shi ne yaushe zai iya zaman tahiya ba jingina.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.

Naka,
Ɗan Birni, Zariya.