Kajiji Da Kufayen Ƙasar Boɗinga Da Shagari

A makon nan ina so in ja hankalinku zuwa wata ƙasa da matafiya ke ratsawa kullum cikin mota, ba su ko waiwaye. Wanda ya taso daga Sakkwato ya nufi Tambuwal da Jega, sai ya bi ta ƙasar Boɗinga da Shagari, ya wuce Kajiji. Abin da idonsa zai gani gonakin gero da dawa ne, da garken shanu, da 'yan kasuwa bakin hanya. Amma fa ƙasan nan ta ga abin da manyan birane da yawa ba su gani ba.

Ku dubi Sifawa, cikin ƙasar Boɗinga. Bayan an ci Alkalawa cikin 1808, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya baro Gwandu ya zauna nan, bai tashi ba sai cikin 1815, sa'ad da ya koma Sakkwato, inda ya rasu cikin 1817. Watau shekarun da aka kafa mulki aka tsara shi, a wannan ƙaramin gari aka yi su. A nan ne, cikin 1812, ya raba aikin ƙasa biyu: yamma ga ƙanensa Malam Abdullahi, gabas ga ɗansa Muhammadu Bello. Asalin sarautar Gwandu da ta Sakkwato ke nan. Shi kuwa Malam Abdullahi Boɗinga ya zauna, kusa da wansa, yana karantarwa yana wallafa littattafai. Cikin zamanin nan ya gama Tazyinul Waraƙati, a 1813. Ashe almajiran da ke ɗaukar littafin yau a Kano da Zazzau, kaɗan ne daga cikinsu suka san ƙasar da malamin ke zaune sa'ad da ya rubuta shi.

Ba labarin daɗi kaɗai ƙasar ke da shi ba. Kudu da Sakkwato, wajen mil 14, akwai kufan Satiru. Shekara uku bayan Turawa sun ci Sakkwato, cikin Fabrairu 1906, talakawan garin suka yi tawaye da gatura da fartanya, suka fatattaki soja, har suka kashe Turawa uku. Da watan Maris ya kama aka komo musu da bindigogi, aka hallaka mutane masu yawa, aka rushe garin, aka hana kowa sake gini a wurin. Ko mutum ya ga laifinsu ko bai gani ba, abu ne da ya faru a ƙasarmu, ya kamata yaro ya san shi.

Sa'an nan ga Shagari, wadda Kajiji ke cikin ƙaramar hukumarta. A nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari cikin 1925. Ya yi karatu a Yabo da Sakkwato, ya zama malamin makaranta, har Allah Ya ba shi shugabancin Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Da ya rasu cikin 2018, ƙauyensu aka mai da shi aka binne. Malaman makaranta, ga abin da za ku nuna wa yaranku, su san ƙanƙantar gari ba ta hana ɗansa girma.

To, ina Kajiji a cikin wannan duka? Nan ne maganata take. Su Sifawa da Satiru sun sami shiga littafi domin malamai da Turawa sun rubuta su. Garuruwa irin su Kajiji kuwa, yawancin labarinsu yana bakin tsofaffi da maroƙa: wa ya sari gari, daga ina ya fito, wace rijiya aka fara ginawa, sarakuna nawa aka yi. Tsoho kuwa ba ya jiran mai alƙalami. Ran da aka kai shi kushewa, da labarinsa aka tafi. Kufai kuma, in ba a shata shi ba, damina biyu ta isa garma ta mai da shi gona.

Saboda haka ina roƙon malaman makarantun Kajiji, da akawunan hakimai, da limamai, kowa ya sami littafi guda ya zauna gaban dattawan unguwarsu. A rubuta sunayen sarakuna bi da bi, da shekarun kowa. In tsoho biyu suka saɓa, a rubuta duka biyu, kada a zaɓi wanda ya fi daɗin ji. Da boko ko da ajami, duk ɗaya ne. A ajiye guda wurin hakimi, a kai guda ofishin tarihi na Waziri Junaidu a Sakkwato. Hukuma kuma ta taimaka da alluna bakin hanya, matafiyi ya san inda ya taka.

Wanda ya riga ya tattara wani abu game da Kajiji, ya aiko wa Edita, mu buga shi a filin nan kowa ya ƙaru. Allah Ya ba mu ikon yi tun masu faɗa suna da rai, amin.