Kada ka saki USDT kafin ka ga kuɗi a asusunka

Tun da Binance ya daina hulɗa da naira a watan Maris na 2024, matasa da yawa sun koma wasu dandalolin suna sayar da 'yan USDT ɗinsu ta P2P, inda dandali ke riƙe kirifton amana har ciniki ya faɗa. Tsarin ba shi da laifi, gaggawa ce ke cin sabon shiga. Mai saye zai turo hoton rasit, ya hau matsa lamba wai sauri yake yi, yaro kuma ya saki kaya bai ko buɗe manhajar bankinsa ba, alhali kirifton da ya fita ba ya dawowa. Abin yana min ciwo ƙwarai. Hoton rasit ko saƙon alat ba hujja ba ne. Ka shiga asusunka ka gani da idonka, ka tabbata sunan mai turowa shi ne na kan dandalin, domin kuɗin sata na iya jawo banki ya rufe maka asusu. Wanda ya ce ku koma WhatsApp wai zai ƙara maka farashi, ka rabu da shi. In kuma P2P ya yi maka nauyi, dandalolin Quidax da Busha sun samu amincewar farko daga hukumar SEC a 2024, kuma kana iya cire nairarka daga wurinsu zuwa banki kai tsaye.