Ƙarfin ɗan wasa yana gona, ba a kemis ba

Da la'asar, filayen makarantu a Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa kan cika da matasa masu buga ƙwallo, idan kaka ta yi kuma dambe da kokawa su dawo dandali. A yankin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka, har aka sace ɗalibai sama da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara a Disambar 2020, filin wasa na cikin wurare ƙalilan da matashi ke sararawa. Bai kamata a bari ƙwaya ta mamaye shi ba.

Matashin da ya wuni a gona ko kan babur, ya zo fili a gajiye, abin da wasu abokai ke miƙa masa shi ne tramadol ko maganin ciwon jiki. Tramadol ba ta ƙara ƙarfi, ɓoye ciwo take yi. Wanda ya sha ta zai ci gaba da gudu a kan targaɗe har ƙaramin rauni ya zama babba, ga kama jiki, ga haɗarin jijjiga kamar ta farfaɗiya. Hukumar yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni ta duniya, WADA, ta haramta ta a lokacin gasa tun 1 ga Janairun 2024. Mai mafarkin taka leda a Katsina United ko a Turai ya kwana da sanin wannan. Su kuma diclofenac da ibuprofen, yawan shan su a lokacin da gumi ya ƙarar da ruwan jiki na iya taɓa ƙoda.

Abin da tsoka ke nema bayan wahala abinci ne, kuma a wannan yanki ake noma shi. Fiye da kashi ɗaya cikin uku na waken suya sinadarin gina jiki ne, don haka awara ba abin rainawa ba ce. Haka ƙosai, ƙuli-ƙuli, ƙwai da kwaɗon zogale. Fura da nono ta haɗa biyu: gero ya mayar da kuzarin da aka ƙona, nono ya taimaka wajen gyara tsoka. Dabino kaɗan kafin wasa ya fi lemon ƙara kuzari arha, kuma ba ya hana barci.

Sai ruwa. Fitsari ja alama ce ta ƙarancinsa a jiki. Bayan gumi mai yawa, ruwan gishiri da sukari na taimakawa: lita ɗaya ta ruwa mai tsafta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Barci kuwa, baligi na buƙatar aƙalla awa bakwai. Wanda ya raba dare a gidan kallon ƙwallo ko kan waya, babu maganin da zai biya masa wannan bashi.

Kalmar "na gargajiya" ma ba shaidar lafiya ba ce. Kwalabe da ƙullin garin "maganin ƙarfi" da ake talla a tasha da ranar kasuwa, mai saye bai san abin da ke ciki ba, bai san adadin da ya kamata ya sha ba. Wanda babu lambar NAFDAC a jikinsa a bar wa mai shi kayansa. Mai hawan jini ko ciwon ƙoda kuwa ya fara tambayar likita.

Nauyin yana kan manya. Masu horar da ƙungiyoyin unguwa su hana wanda ya sha ƙwaya shiga fili, su kuma hutar da mai rauni ko da shi ne gwanin ƙungiya. Masu kemis su daina sayar da tramadol ba takardar likita. Ƙananan hukumomin uku da 'yan siyasar da ke sa kofi su tanadi ruwan sha da ma'aikacin lafiya a kowace gasa, su gayyaci NDLEA ta yi wa 'yan wasa bayani kafin a take wasan farko. Kuɗin hakan bai kai na jinyar matashi ɗaya da ƙodarsa ta lalace ba.