Wa zai yi mana karatun jemage a Roni?

Idan ɗalibi daga Roni ya ce wa mahaifinsa zai ƙare rayuwarsa yana binciken jemage, abin da zai fara ji shi ne: "Likitancin fa?" Ina ganin wannan raini yana cutar da mu.

Dubi Iroro Tanshi, 'yar Najeriya da ta yi digirin digirgir a jami'ar Texas Tech ta Amurka. A 2016 ta gano wani ƙaramin jemage mai gajeren bindi a dajin dutsen Afi, jihar Kuros Riba, bayan an yi shekaru ba a ga irinsa ba. Gobarar daji ce babbar barazanarsa, sai ta haɗa kai da manoman yankin wajen kashe wuta. A 2021 aka ba ta lambar yabo ta Whitley.

Mu kuma a nan danƙo muke ɗana masa. Alhali furen kuka da daddare yake buɗewa, jemage ne kan gaba wajen yi masa barbara. Haka ɗorawa. Wato miyar kuka da daddawar da ke cikinta duk da hannunsa. Ƙananan kuwa ƙwari suke ci.

Gaskiya yana iya ɗauke da cuta, kada yara su taɓa shi. Amma sanin wane iri ne, a ina yake kwana, shi ma aikin mai bincike ne.

Ga duwatsun Roni da Kazaure, ga Jami'ar Tarayya ta Dutse. Gwamnatin Jigawa ta ɗauki nauyin ko da ɗalibi ɗaya ya fara ƙirga su.