Man Bakin Hanya

Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, da yawanmu muka koma sayen mai a hannun 'yan bumburutu. Ni ma na yi, wata Alhamis, zan je kasuwar Maigatari daga Gumel, saboda an yi mini ragi. Ban yi nisa ba injin ya soma ƙwanƙwasa da hayaƙi, ashe an gauraya man da kananzir. Kuɗin makanike ya ninka ragin. Shawarata ga 'yan'uwa ita ce, ku sha mai inda kuka aminta. Masu bin hanyoyin Gagarawa da Sule Tankarkar kuma su riƙa duba matatar iska lokacin hunturu, don ƙura na ƙara wa mota shan mai. Araha ba ta ado.